Mutumin da Na Sa Aka Goge Daga Kwalekwale

Zuwa ga Yayana Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji a inda kake. Ni ce Rabi. Ina rubuto maka daga Guangzhou, ƙasar Sin, inda nake zuwa sarin jakunkunan mata. Na san za ka yi dariya. Rabin da ko kwalekwalenka ba ta yarda ta hau ba, yau ita ce ke ƙetare teku.

Shekaranjiya muka dawo daga garin Shiling ni da ƙawata Hadiza, 'yar Damagaram, ƙafafunmu sun kumbura da yawon masana'antu. Mota ta ajiye mu a titin Huanshi, muka bi ta gaban wani shago da ake sayar da zanen bango. Nan na tsaya cak. Kogi ne aka zana da fentin mai: ruwa shiru, dogayen bishiyoyi sun jeru a gaɓa, hadari ya ɗan haɗo, ga kwalekwale a tsakiya da mutum ɗaya a tsaye riƙe da gora. Hadiza ta karanta rubutun da ke ƙasa, da yake su Faransanci suka yi a makaranta. Ta ce wani Bafaranshe ne ya zana na asalin tun zamanin kakanni, kogin ƙasarsu ne, wannan kwafi ne kawai. Ni dai ban ga Faransa ba. Mashigar garinmu na gani da damina.

Ka san halinmu, ba ma rataye hoton mai rai a ɗakin da ake salla. Duk ɗan kasuwarmu da ya sayi irin wannan sai ya ce a cire mutum, a cire tsuntsu, a bar ruwa da itatuwa. Na shiga na ce zan saya. Mai shagon ya saba da mu har ba ya jiran bayani. Da ya ga mayafina sai ya ɗora yatsa a kan mutumin ya ce, "Meyo?" wato a kawar da shi ke nan. Na gyaɗa kai ina duba waya. Wallahi, Yaya, ko tunani ban yi ba.

Jiya da hantsi na karɓo. A masaukina na unguwar Sanyuanli na warware takardar da aka naɗe shi, na jingina zanen da bango na duba. Kwalekwale ne a tsakiyar ruwa, babu kowa a ciki.

Haka naka ya dawo. Ranar kasuwa ce, kogi ya cika ya batse, ka ƙetarar da masu kaya kana dawowa kai kaɗai. Ina wanki a gaɓa. Na ga gorar ta kafe a laka, na ga ka ƙi sakinta, don kai ba ka iya barin abu ya fi ƙarfinka, ko da gardamar ƙwallo ce. Kwalekwalen ya wuce ya bar ka. Hannunka ya fito sau ɗaya. Ban yi ihu ba, har yau ban san abin da ya riƙe min murya ba.

Da Inna ta kama kafaɗuna tana tambaya, na dubi idonta na ce ban ga komai ba, wataƙila ka sauka a ƙetare ne kwalekwalen ya kwance. Na faɗa don ta samu ta runtsa kwana ɗaya. Shekara tara ke nan tana zaune a kan maganar nan. Maza sun yi kwana uku suna nema ba su same ka ba. Kawu Isa ya ce a yi zaman makoki, ta ce ba a karɓar gaisuwar wanda ya tafi ci-rani. Duk wanda zai yi tafiya sai ta ba shi kamanninka. Ni kaina, duk zuwan da zan yi nan sai ta raka ni bakin ƙofa ta ce, "Ki riƙa duba fuskokin mutane, Rabi, duniya da faɗi." Abin kunya kuma, ina dubawa. A tasha, a kasuwa, a ƙofar masallaci ranar Juma'a, ni da na ga hannunka.

Ashe mai zanen bai kankare mutumin ba, fenti kawai ya shafa a kansa. Da la'asar rana ta shigo ta taga, sai ga shi a ƙarƙashin launin ruwan: kai, kafaɗa, da layin gorar. In na tsaya a gaba ba ya nan, in na matsa gefe yana nan. Na juya zanen ya fuskanci bango na tayar da salla, amma duk raka'o'in nan huɗu na san yana bayana. Hadiza ta ce in mayar a ƙara shafawa, ko in bar shi a masauki in yi tafiyata. Ban iya ko ɗaya ba. Sau biyu ke nan ina goge mutum daga kwalekwale, kuma na farkon ya fi muni.

Ina jin tsoro, Yaya. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni, kuma wataƙila jiran nan ne ke tashinta kullum da safe. Magana ɗaya za ta iya karya ta. Wataƙila ma ba za ta sake kallona ba. Amma na fi tsoron ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa Allah ya jiƙanka ba, kai da ba ka da ko kabarin da za a tsaya a kai. Ni na hana ka addu'ar uwarka.

Jibi jirginmu zai tashi. Ba zan faɗa mata ta waya ba. In na sauka Kano gida zan wuce ko kaya ban kwance ba, in zauna a gabanta, in riƙe hannunta, in faɗa mata abin da na gani daga farko har ƙarshe. Sannan in aika wa Kawu Isa a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Ka yafe min. Allah ya jiƙanka, Habun Inna. Ya sa ruwan nan ya zama shahada a gare ka, ya haskaka makwancinka duk inda kogi ya ajiye ka. Ya ba Inna ƙarfin ji, ni kuma ya ba ni bakin faɗa. Amin.

Ƙanwarka da ta gani,
Rabi