Ƙorafi Kan Kiran Kofur Bashar Maguji

Daga: Saje Mu'azu Abdulrahman,
Unguwar Damba, Gusau.

21 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga: Shugaban Kwamitin Binciken Harin 9 ga Satumba.

Ranka ya daɗe,

Game da: Tuhumar Kofur Bashar Khalid da gudu daga fagen daga

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni ne sajen da ya jagoranci sintirin da 'yan bindiga suka yi wa kwanton ɓauna a dajin Tsafe ranar Litinin, 9 ga Satumba. Ina gida ina jinya. Ga ƙorafina:

1. Rahoton da ke gabanku ya ce Kofur Bashar ya tuɓe kaki ya gudu, wai don an gan shi washegari da rigar makiyaya. Wanda ya rubuta wannan bai je wurin ba. Ni na je.

2. Da misalin ƙarfe goma na safe suka buɗe mana wuta daga cikin gonar dawa. Harsashi ya farfasa mini cinyar hagu, na faɗi a kwalbati. Hayaƙi ya rufe hanya, motarmu ta ja da baya ba ta gan ni ba. Bashar ya riga ya kai gindin motar, amma ya dawo da rarrafe. Bai daina harbi ba sai da harsasansa suka ƙare.

3. Rigar kakin da ake cewa ya jefar, a cinyata ya ɗaure ta. Sannan ya goya ni, bindigoginmu biyu a wuyansa, muna jin babura suna kewaya gonakin. A wata ruga wata dattijuwa ta ɓoye mu a rumbu, ta ba shi rigar mijinta don ya fita neman taimako ba a gane shi ba. Da wannan rigar ya isa shingen bincike, a nan aka sa masa ankwa.

4. Bayan an ɗauko ni daga rugar, kwana talatin da ɗaya na yi a asibiti a Gusau, aka yanke ƙafar. Ba wanda ya zo ɗaukar bayanina. Sau biyu na aika wa kwamiti saƙo, 16 da 18 ga Oktoba, shiru kake ji. Wallahi abin ya fi yankan ƙafar yi mini ciwo.

5. Labari ya kai garinsu Bashar, Karakkai ta Bungudu. Mahaifiyarsa, Inna Ma'u, ta daina shiga biki da suna saboda bakin mutane.

Don haka ina roƙo, cikin ladabi, kada kwamiti ya yanke hukunci ranar Alhamis, 24 ga Oktoba, sai ya ji daga bakina. Rigar kakin tana hannuna da sunansa a ƙirji, ban bari an wanke ta ba.

In kuwa dole sai an hukunta shi, ga laifin da ya yi na gaskiya: sau uku na ba shi umarni, a matsayina na sajensa, ya sauke ni ya tsira da ransa. Sau uku ya ƙi. A tuhume shi da wannan, ni zan ba da shaida.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,
Saje Mu'azu Abdulrahman