Ranar da Inna Ta Shiga Ajina

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Yaya aikin asibiti, yaya kuma sanyin wurinku da kike ta kuka da shi? Allah Ya ƙara juriya. Mu nan kowa lafiya lau. Baban yara ya samu sauƙin ciwon bayan nan, har ya koma hawa babur duk da na hana shi. Auta ta fara haƙori, duk abin da ta samu sai ta kai baki, jiya ma littafin darasina ta cinye wa kusurwa.

Yaya, na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira, domin a waya za ki katse ni da dariya kafin in kai ƙarshe. Kin san tun watan jiya Inna ta ce za ta bar gidana ta koma wurin Kawu. Na tambaye ta ko wani ya ɓata mata rai, ta ce babu. Na ce ko hayaniyar yara ce, ta ce a'a, ita dai can akwai abokan hira. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Shekara biyu tana ɗakin da ke jikin nawa, amma in na dawo daga makaranta, daga sannu da zuwa sai Allah Ya yi albarka, shi ke nan. Innar da muka sani fa, wadda in ta buɗe baki a rumfarta ta kayan miya sai layin duka ya tsaya sauraro. Ni kuwa na ɗora wa tsufa laifi. Har ta ɗaure kayanta a zani biyu, ta ce ƙarshen wata Kawu zai turo mota.

Ana cikin haka shugabar makarantarmu ta ce 'yan ajin ƙarshe su nuna wasan kwaikwayon da ke cikin manhajarsu ranar da iyaye za su zo. Tsohon wasa ne, shekara shida ina koyar da shi. Labarin wata yarinya ce mai sayar da kayan miya a bakin titi, aka ɗauke ta aiki a babban kantin masu hali, aka ce ba za ta tsaya gaban masu saye ba sai ta gyara bakinta. Ta dage ta koya, har aka daina gane inda ta fito. A fitowa ta ƙarshe ta koma gida, uwarta ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo mata ruwa, sannan uwar ta zauna ta yi shiru har aka ja labule.

Na ba wata ɗalibata matsayin yarinyar. 'Yar Likita muke ce mata, mahaifinta likitan ido ne. Wurin maganar masu hali ba ta da matsala, ai a cikinta aka haife ta. Amma talla, Yaya! Za ki rantse labaran rediyo take karantawa. Ta tsaya a gaban allo tana sanar da jama'a cewa akwai tumatir idan da mai buƙata. Na ce ta saki jiki, sai ta koma karkace baki kamar mai ciwon haƙori, aji ya ɗauki dariya. Abin ya ba ni haushi, na tashi in nuna mata da kaina, ni 'yar mai kayan miya da na yi shekara goma a gindin tire. Na buɗe baki, tallan ya ƙi fita. Wallahi kunya ta kama ni, na wayance da cewa lokaci ya ƙure.

Da na koma gida na roƙi Inna ta zo ta koya musu. Ta ce me za ta je yi cikin 'yan boko, su mayar da ita abin dariya? Na yi magiya har na gaji. Baban yara ne ya cece ni, ya ce shi dai Inna ta taimaka ta je, ko don ya ji labarin ranar da Malama ta koma ɗaliba. Ta yi murmushi ta yarda, amma da sharaɗi: ita ba za ta yi tallan tumatir ɗin kwali da yaran suka yanka suka shafa wa jan fenti ba. Dole na bi ta kasuwa da safe na ciko tire da tumatir da albasa da tattasai.

Mun shiga aji tana riƙe da gefen mayafinta, tana kallon ƙasa. Amma daga ajiye tiren a kan teburina, ta fara kasawa kashi-kashi, sai na ga kafaɗunta sun miƙe. Ta ce wa 'Yar Likita mai talla ba ta kallon kayanta, idon mai wucewa take kallo, kuma kowa sai ta ba shi suna mai daɗi. Don ta nuna musu, ta leƙa taga ta hangi malamin lissafi yana wucewa, mutumin da ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Ta kira shi ango mai farin takalmi, ta ce ya zo ya ga albasar da amarya ke jira. Yaya, mutumin nan ya shigo, kuma da albasa ya fita. Ta koya musu cewa albarka iri uku ce: akwai wadda ke nufin kama gabanka, akwai ta ƙara kaɗan, akwai ta ɗauka kawai. Ta sa su suka yi ta maimaitawa har suka iya bambancewa. Ta nuna musu gyara, ɗan tattasai biyun da ake ɗora wa mutum bayan an gama ciniki, ta ce shi ne ke dawo da shi gobe. Shugabar makaranta ta zo ta ga abin da ya kawo hayaniya, ita ma ta ja kujera ta zauna.

Daga ƙarshe muka gwada fitowar ƙarshe. Na yi musu tambayar da nake yi kowace shekara, na ce me ya sa uwar ta yi shiru? Suka ba ni amsar da ni na rubuta musu a allo, cewa fushi take yi don tana ganin 'yarta ta raina su. Inna tana tattara kaya, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Ba fushi take ba, 'yan nan. Tsoro take ji kada ta yi magana 'yarta ta gyara mata."

Nan take na tuna ranar da ta ce firinji na ce mata firiji ake cewa, a gaban baƙi. Na tuna asubiti da na mayar mata asibiti ya fi sau ashirin. Ko labari ta ɗauko, ba ta kai tsakiya sai na tsoma baki. Ni a ganina taimako nake yi. Shekara shida ina ba yara maki a kan tambayar nan, ashe amsata ce ba daidai ba.

A hanyar gida ni na ɗauki tiren a kai, na ce mata ta yafe mini. Ta yi dariya, ta ce duk maganar da za ta yi mini sai ta juya ta sau uku a baki tana neman wadda ba zan taɓa ba, kafin ta gama zaɓe na riga na wuce ɗaki. Sannan ta ce, "Ba komai, Malama. Mu dai a kasuwa gyara ƙari ne. Naki ne yake ragi." Na fashe da kuka a tsakiyar titi, albasa na gangarowa daga kaina, ita kuma tana bi tana tsincewa tana ce mini in rufa mata asiri mutane na kallo.

Tun ranar na kama bakina. Ba sauƙi, wani lokacin har sai na ciji leɓe, baban yara na gefe yana ƙunshe dariya. An yi wasan ranar Asabar, 'Yar Likita ta yi tallan da ya sa mahaifinta ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa ko 'yarsa ce. Inna na kujerar gaba tana faɗa mata da ƙarfi cewa ta manta gyara. Ranar Lahadi motar Kawu ta zo. Na ji ƙararta a ƙofa. Inna ta fita ta gaisa da direban, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce ya gaya wa Kawu ya yi haƙuri, ba ta gama wani labari da ta fara ba ni ba. Motar ta koma ba kowa a baya.

Don haka in za ki kira ranar Juma'a, ki cika wayarki da caji, ki nemi wuri ki zauna, domin Inna ba za ta sake ki da wuri ba. Ki gaishe mini da maigidanki, ki shafa mini kan 'yan biyu, ki gaida surukarki da jiki, Allah Ya ƙara mata sauƙi. Baban yara da yaran duka suna gaishe ku. Inna ma tana gaisuwa, ga ta nan kusa da ni tana magana tun da na fara rubutun nan. Allah Ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Ƙanwarki Malama