Motar Hassana Tana Shan Mai

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Ranar Juma'a na zuba wa motar mai, yau gejin har ya kwanta. Kuma ba inda na je. Daga gida Gyaɗi-Gyaɗi zuwa makarantar Zahra'u a Tarauni, sai shagon ɗinkina. Ban taɓa jin Hassana ta yi ƙorafin mai haka ba. Ko ta yi ne ban saurara ba.

Tare aka haife mu, amma ita ce mai tuƙi, ni 'yar zaman gefe. Bayan sadakar arba'in ɗinta aka miƙo min makullin don in riƙa kai 'yarta Zahra'u makaranta. Mijinta Lawan yana Fatakwal wurin aiki, yarinyar tana hannunmu ni da Inna.

Alhamis, 10 ga Yuli

Yaya Garba ya zo. Ya leƙa motar ya ce, "Husaina, wannan rijiya ce, ba mota ba. A sayar kowa ya huta." Wai sun yi waya da Lawan, shi ma ya amince. Inna tsintar shinkafarta kawai take yi.

Na roƙe shi ya bar min ita zuwa ƙarshen wata in gwada gyara. Ban gaya masa har yanzu kujerar direba tana ƙamshin humrarta ba.

Asabar, 12 ga Yuli

Mai faci ya ce tayoyin baya ba iska, hakan ma yana jawo shan mai. Ya ƙara. Daga nan na wuce garejin Baba Rotimi, bakaniken da Hassana take kai wa, can bayan layinmu.

Tun kafin in tsaya ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana dariya. "Hajiya Hassana, kin ɓuya. Tun daga kwana na ji ƙarar motarki."

Na kasa buɗe ƙofa. Da ƙyar na ce, "Baba, Husaina ce. Hassana ta rasu, wajen haihuwa, ita da jaririn."

Ya cire hularsa. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Allah ya ji ƙanta. Ba wanda ya gaya min." Ya sa aka kawo min benci da ruwa, bai ƙara tambayar komai ba.

Ya ciro matatar iska, ta toshe da ƙura. Filogi duk sun yi baƙi ƙirin, ya ce alamar mai yana yi wa injin yawa ke nan. Ya canza su, ya ce in gwada kwana biyu.

Lahadi, 13 ga Yuli

Ban fita ba. Na kasa kallon madubi yau.

Laraba, 16 ga Yuli

Motar ta ɗan yi sauƙi, amma har yanzu tana shan mai. Ga warin fetur idan na tsaya a danja.

Na koma wurin Baba Rotimi. Ya jona mata kwamfuta, sannan ya kwanta a ƙasa ya ce in taka totur. Da ya fito ya nuna min tafin hannunsa, duk baƙin hayaƙi. Salansa ce ta tsage can kusa da inji, daf da wata 'yar na'ura mai auna hayaƙi. Iska tana shiga ta tsagar, na'urar sai ta ɗauka mai bai isa ba, ta yi ta sa a ƙaro. Wannan fat-fat ɗin da motar take yi, ashe daga nan ne.

Ya ce ya taɓa gaya wa Hassana. Ta ce masa sai ta sauka lafiya za ta kawo.

Juma'a zai yi walda. Ya ce ƙarar za ta ɗauke gaba ɗaya.

Abin da ban faɗa masa ba: duk yamma idan na shigo layi daga shago, Zahra'u tana jin fat-fat ɗin nan take rugowa bakin ƙofa tana "Mami ta dawo." Ta ga fuskata, fuskar uwarta sak, ta tsaya tana kallona. Sai ta ce "Anti," a hankali. Kullum. Ban san ko ina so ta daina ba.

Juma'a, 18 ga Yuli

An yi waldar, an wanke na'urar. Motar ta yi shiru kamar ba ita ba.

Na shigo layi, na tsaya a ƙofar gida, ba wanda ya fito. Na zauna a ciki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Da na shiga na tarar da Zahra'u tana wasa da murafen kwalba a tsakar gida. Ta ɗago ta ce, "Anti, a ƙafa kika dawo?"

Inna ta tashi ta shige ɗaki.

Talata, 22 ga Yuli

Gejin da ƙyar yake motsi. Yaya Garba ya zagaya da motar, ya dawo ya miƙo min makullin. "To, ki riƙe ta." Ya juya da sauri, na ga yana goge ido da hannun riga.

Litinin, 28 ga Yuli

Yau ta gaban maƙabartar Tarauni na bi. Tun da aka kai Hassana can ban bi hanyar ba, zagaye nake yi ta Daurawa safe da yamma. Baba Rotimi ya ce doguwar hanya da cunkoso su ma suna cin mai, shi ya sa. Don man ne kawai.

Na rage gudu a jikin katangar, na yi wa Hassana da jaririnta sallama a zuciyata. Zahra'u tana baya tana rera karatun Islamiyya, ta yi kuskure a aya ɗaya, na gyara mata. Mun isa kafin a rufe ƙofar makaranta.

Gobe ma ta nan za mu bi, ina jin.