Gidan Da Ke Tafiya Da Kansa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba? Ka tambayi abin da ya hana ni zuwa tun da ya kwanta. Gadin tururuwa nake yi. Suna cikin akwatin gilashi a wani ɗaki marar taga, ni kuma ina ɗiga wa kowacce fenti a gadon baya, in bi ta da ido. Ba mai ba su umarni. Wadda ake kira sarauniya ma ƙwai kawai take zubawa. Kowacce tana bin ƙanshin da ta gabanta ta bari, sai ga hanya, ga rumbu, ga makwantar matattu a lungu. Masana na zaton ta irin wannan hanya tsari ke fitowa daga hargitsi, har halitta mai rai. Idona ya gaji, bayana ya ƙage. In na bar su yanzu, aikin ya koma farko.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata Dakta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina farin cikin sanar da ke cewa iliminki ya tabbata a gidanmu. Ba mu yi taro ba, ba mu raba aiki ba, amma komai yana tafiya da kansa. Magani a kan lokaci, zanen gado a wanke, Baba ko gyambon kwanciya babu. Nakan leƙa in na tashi daga ofis, in same shi fes. Ki kwantar da hankalinki.

Wassalam, yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma madalla. Sai dai akwai abin da fentin ya nuna mini. Yawancin tururuwar a zaune suke, suna kaɗa ƙahonni kamar masu uzuri. 'Yan kaɗan ne ke jigila har su mutu a hanya. Daga nesa, a ce gida yana tafiya da kansa. Zanen gado dai ba shi da ƙafar zuwa famfo. Wa ke juya Baba? Auta ta koma makaranta kuwa?

Ka huta lafiya.

*

Anti,

Sannu da aiki. Yaya ya karanta mini wasiƙarki yana dariya, wai ke dai ba kya rabuwa da ƙwari. Wallahi ba wanda ya ce in zauna. Ranar farko ni ce kusa da Baba da ya nemi fo. Washegari sai ya kira ni, shi ke nan. Yanzu in wani ya zo ɗaga shi, sai ya riƙe ƙarfen gado ya ce a nemo Auta. Makaranta sun ce in ban zauna jarrabawar wannan zangon ba, sun cire sunana. Littattafan ma na daina buɗewa, barci nake yi a kansu. Kar ki gaya wa Yaya. Zai ce me ya sa ban faɗa ba, kuma ai ba a tambaye ni ba.

Taki, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Haɗa jakarki, ina tafe. Na bar wa abokin aikina akwatin. Bai iya ɗiga fenti ba, rabin tururuwar sun shiga uku.

Ki fita kafin Baba ya farka, kada ki yi masa sallama. Zai kira ki har ya gaji, sannan ya duba wa ke kusa. Ki dai nuna mini inda ake ajiye fo.

Allah ya ba da sa'a.

Antinki.