Ɗana Ya Ɗaga Gira, Aka Yanke Tafin Babansa

Anti Vasemaca,

Kafin in roƙe ki taimako, ina da gargaɗi ga duk uwar da ke karanta wannan fili: kada ki bar yaro ya yi magana da baƙo a kan abin da ya shafi mamaci ba tare da kina zaune a wurin ba. Ni na bari, ga shi yau ina rubuto miki. Ki ba ni shawara, lokaci ya ƙure.

Mijina Sairusi ya rasu a farkon damina. Mawaƙin baranda ne, bai taɓa shiga rediyo ba. Shi da abokansa sukan kewaye akushin yangona, abin shan gargajiyarmu, da jitocinsu su yi ta waƙa. Bara ɗanmu Inoke ya naɗi waƙoƙin nasu. Dangi suka ce a fitar da su a faifai, a raba wa jama'a ranar taron dare ɗari, ranar da za mu cire baƙaƙen kaya. Abin da ya rage shi ne tacewar ƙarshe, wadda Inoke ke kira mastarin, yana faɗin kalmar kamar shi ya ƙirƙiro ta.

Wurare uku ya kawo mini. Na farko wani inji ne a intanet, wai kafin shayi ya huce ya gama. Na ce muryar mijina ba rogo ba ce da za a kai inji. Saura biyu: situdiyon wani yaro a Suva, babban birninmu, jikan wata 'yar cocinmu, da na wani Bature a Brisbane, can ƙasar waje. Kowanne aka aika masa waƙa ɗaya ya gwada.

Na Suva sai da aka yi ta bin sa, kullum gobe. Da aikin ya zo, komai na ciki, har ruwan sama a kan kwano da karen maƙwabta. Amma muryar tana can ƙasa. A motar kawun yarana ba a jin Sairusi sai an kashe injin motar. Na Brisbane ya dawo da nasa kafin ranar da ya ɗauka, kuma ba zan yi ƙarya ba, muryar ta fito fes, kamar mutumin na zaune a kan tabarma. Sai dai waƙa na ƙarewa, shiru. Ya yanke tafin.

Kin san abokan nan ba sa rufe waƙa sai sun tafa da kwarmin hannu. Sairusi ya rasa yatsu biyu a injin katako tun kafin aurenmu, shi ya sa tafinsa ke da amo daban, kuma kullum nasa ne ke zuwa bayan na kowa. Abokansa na tsokanarsa wai hannunsa jirgin ruwan tsibiri ne, yana zuwa amma ba kan lokaci ba. Ko a cikin taron coci zan gane shi.

Na ce Baturen ba shi da tarbiyya. Sai 'yata Litiana ta faɗa mini yadda aka yi, don tana ɗakin sa'ad da shi da Inoke suka yi magana ta bidiyo. Mutumin ya tambaya ko a bar tafin, tunda wani ya makara a ciki. Inoke ya ɗaga masa gira. Ko jariri a ƙasar nan ya san ɗaga gira na nufin eh. Shi kuwa ya ɗauka yaron na mamakin tambayar ne, ya yi dariya, ya yanke. Inoke fa, ƙato da gemu, na sha wahala na kai shi makaranta, ya kasa buɗe baki ya faɗi kalma ɗaya saboda ubansa. Haka yaran yanzu suke, yatsa a kan waya, baki a rufe.

Yanzu ya kafe sai Brisbane, wai na Suva kamar ana waƙa a cikin tukunya, wai kuma tafi ba waƙa ba ne. Litiana ta ce masa girarsa ta fi bakinsa aiki, a nema mata albashi. Ni tun ranar da ya faɗi waccan magana ban ƙara ce masa komai a kan faifan ba, shi kuma ya koma cin abinci a waje. Zuciyata ta fi karkata ga Suva, ko don ya koyi hankali. Amma tsofaffi za su zo daga ƙauye, wasunsu kunne ya yi nauyi. Wanne zan zaɓa?

Kafin ki amsa, na kafa doka: a gidana an daina amsa da gira. Wanda aka tambaya ya buɗe baki.

Wata uwa a Nausori

*

'Yar'uwa,

Allah ya ba ku haƙurin rashin nan.

Da farko ki kwantar da hankali. Na tambayi wanda ya san sana'ar, ya ce tafin bai ɓata ba. Yana nan a naɗin asali da ke hannun ɗanki, mayar da shi aikin zama ɗaya ne. Ku ajiye naɗin nan a wuri biyu tun yau.

Baturen bai yi rashin tarbiyya ba. Ya tambaya, kuma mai tambaya kafin ya yanke shi ake so. Yaron Suva shi ma yana da nasa: ya san abin da ba a taɓawa ko ba a faɗa masa ba. Amma taron dare ɗari ba ya jiran gobe.

Ki ba kowannensu dama ɗaya. A rubuta wa na Brisbane cewa ya bar ƙarshen kowace waƙa har sai tafin ƙarshe ya mutu. A ce wa na Suva ya ɗago muryar, a sa masa rana. In sun dawo, ku saurara a lasifikar da za a kunna ranar taro, ku daidaita ƙarar su biyun, don abin da ya fi ƙara yakan yaudari kunne. Ku zaunar da tsoho ɗaya a bayan ɗaki. Aikin da tsohon ya ji murya da tafi a cikinsa, shi ne naku. In kin tambaye ni, Brisbane zai ci. Kada ki zaɓi situdiyo don hukunta yaro. Tsofaffin da ba su yi miki laifi ba ne za su koma ƙauye ba su ji Sairusi ba.

Saura Inoke. Na karanta wasiƙarki sau biyu, ban ga inda kika faɗa masa abin da kika faɗa mini ba. Shi ya naɗi muryar ubansa tun ba wanda ya sa shi. Mai yiwuwa tafin taro kawai yake ji, bai san kina jiran na ƙarshen ba. Ya amsa wa baƙo da gira, ke kuma kin amsa masa da shiru.

Dokarki tana da kyau, kada ki soke ta. Amma ta fara daga kanki. Ki dafa masa abinci, ki kunna naɗin asali, in tafin ya zo ki buɗe baki ki ce masa wannan hannun babansa ne.

Allah ya sa a yi taro lafiya.

Anti Vasemaca