Rigar Sanyin Ummi

Abbasiya, Alƙahira
Janairu, 2014

Zuwa ga ɗana Ja'afaru,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina fata kana lafiya, kai da Dije da yara da duk mutanen Gusau. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Ka duba rubutun nan da kyau, hannuna ne. An cire mini yanar idon, duka biyun, kuma wallahi ranar da aka kwance bandeji na ga fuskar jikata Ummi sai da na yi kuka a gaban likita. Ashe ƙiba ta yi, ashe ɗan haƙorin nan nata na gefe yana nan. Tun da na fita ajin yaƙi da jahilci da furfurata ban taɓa murnar riƙe biro kamar yau ba. Na so a ce murna kaɗai zan rubuto maka.

Mijinta Ukasha, wanda nake kira ɓarawon matata, yaron kirki ne. Shi ya yi ta jigila da ni asibiti yana yi mini tafinta. Yana da abokin karatu Baturke, wanda ya gayyace su garinsu a hutun nan. Garin yana can bisa duwatsu masu tsawo, inda dusar ƙanƙara take rufe komai, mutane su ɗaura dogayen katakai a ƙafa suna zamiya daga sama zuwa ƙasa. Ya nuna mini hotuna, har da wasu kujeru da ke tafiya a jikin waya suna kai mutane ƙololuwa. Tunda ba su je ko'ina ba bayan biki, sai ya ɗauki abin da zafi. An yi biza, ya je kasuwar gwanjo ya sayo musu rigunan sanyi masu kauri, tasa baƙa, tata ja, ya rataye su a bayan ƙofa. Kullum sai ya ce mata yalla, wato maza, ta gwada, ta sa, ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Da makafin idanuna da ban lura ba.

Da na koma asibiti a duba ni, cikin wasa na sa wani ɗalibi ya tambayar mini likita ko tsoho irina zai iya bin su, kada a gudu mini da mata. Likitan ya ce a'a, iskar can sama ba ta da ƙarfi, mai ciwon zuciya ba ya zuwa, haka mai sikila, domin tsawo da sanyi suna tayar da ciwon, wani ma ba ya saukowa da ransa. Ja'afaru, ban san yadda na iso gida ba. Ƙanwarka Murja ce kawai a idona, yadda take riƙe gwiwoyinta tana kiran sunana, har Allah ya karɓi abarsa.

Da Ukasha ya fita makaranta na zaunar da Ummi. Ashe ta sani, ta riga ni sani. Ta ce kai da uwarta kun ce kada ta kuskura dangin miji su ji tana da sikila, tunda nata mai sauƙi ne, yakan yi shekara bai tashi ba. In ta je karɓar magani sai ta ce masa wajen ƙawa za ta. Ta ce za ta sha ruwa da yawa, ta rufe jikinta, Allah zai kiyaye. Wato yarinyar nan ta yarda ta hau dutsen da zai iya kashe ta don kada ta karya maganarku. Na san abin da kuka ji wa tsoro, na ga yadda manema suke janyewa in sun ji sunan ciwon nan. Amma ni na binne ɗaya.

Ban kira ka a waya ba domin gidan ƙarami ne, ko tari ka yi ana ji. Kuma na san za ka ce in dakata. Ranar Juma'a muna dawowa daga masallaci na gaya wa Ukasha komai. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya tsaya a bakin titi motoci suna ta yi mana hon, ya tambaye ni abu ɗaya, ko waliyyinta, wato kai, ya sani ranar da ya ba shi ita. Na ce ya sani. Ya ce khalas, wato shi ke nan, ya kama hannuna ya tsallakar da ni.

Tun ranar yana cin abinci da mu, yana ɗiga mini maganin ido, amma ya daina amsa tsokanata. Jiya ya ce zai tafi shi kaɗai, ya riga ya yi wa abokinsa alkawari, kuma yana so ya yi tunani. Ya sauke baƙar rigar ya sa a jaka. Ummi ita ta ninke masa sauran kayan.

Alhaji Ya'ƙub da muka yi jinya tare zai sauka Kano gobe, shi zai kawo maka wannan. Ukasha zai tashi ƙarshen mako mai zuwa. Ka kira shi kafin nan, kai da bakinka, ba Dije ba, ba aike ba. Kada ka kare kanka, ka ba shi haƙuri. Ban san ko zai dawo mata da zuciya ɗaya ba. In fushi za ku yi, ku yi da ni, kada wanda ya ga laifin yarinyar nan.

Ka gaida Dije, da Rukayya da Munzir, da gwaggonka Mariam, ka ce mata na gani da idona yanzu. Daga inda nake zaune ina hangen jar rigar a bayan ƙofa, ita kaɗai, ina kuma jin motsin mai ita a kicin. Na gode wa Allah da haka.

Ni ne mahaifinka,
Abakar Ɗanmalam