Ka Shayar Mini da Furannin

Gwaram,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga Yayana Munzali,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Nasiha. Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare mana ku a can Fatakwal. Mu nan kowa lafiya. Baba ya gama shigo da gero daga gonarmu ta garin Sara, ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma yin zoɓonta na sayarwa, ni kuma muna ta shirin jarrabawa.

Yaya, na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina. Ka san ni a waya, daga "lafiya lau" sai in miƙa wa Inna abarta, musamman da yake kowa na zaune yana saurare. A cikin gem ɗinmu, wasan gonar nan na kwamfuta, ne kawai bakina ke buɗewa, duk ranar Asabar in mun haɗu, kana can ina nan, kana nome gonar ina rubuto maka duk abin da ke raina. To Asabar biyu ke nan ka shiga ba ka gan ni ba, kuma na san Inna ce maka ta yi kwamfutar ce ta ɗan samu matsala. Abin ya fi haka.

Ka tuna da na yi maka ƙorafin hoton yana tsattsayawa in an yi ruwa a gem ɗin, ka ce katin girafik ɗin kwamfutar da ka bar mini, wato mai fitar da hoto, shi ne ya tsufa? Ka turo hotunan kati biyu a wayar Inna, ƙarami mai fanka ɗaya da babba mai fanka uku, ka ce in kai wa Malam Rabi'u mai gyara a Birnin Kudu ya zaɓa mana. Ban je ba, Yaya. Kunyar shiga shagon nan cike da samari ta hana ni. Na zauna ina ta kallon babban, da 'yar wutarsa ruwan hoda da ke zagaye fankokin, har na hango shi yana haska ɗakina kamar ɗakin amaryar da nake karantawa a littafi. Yadda nake zaɓar littafi a kasuwa, in bangon ya yi mini kyau shi ke nan, haka na yi. Na ce maka babban, kai kuma ka ɗauka an duba, ka kuma ɗauka Baba ya ƙaro batiran solar da yake ta magana. Bai ƙaro ba.

Ikrima ɗan Kawu ne ya karɓo saƙon katin a tashar Birnin Kudu ya kawo a babur, shi ya kuma ɗaura shi. Da ya kunna, wallahi sai da na riƙe numfashi don kyau. Inna ta ce ai ba a barin wanda ya kawo abin arziki ya tafi haka, in ba shi tukwici. Ka san bakin Ikrima da wasan taubasantaka, yana ta cewa wai Hajiyar littattafai ta zama injiniya, wai ko shafi ɗaya na soyayya in yago masa ya isa. Na rasa inda zan sa kaina, sai na ɗauki tsohon katin da ke kan tabarma na miƙa masa. Ya yi murna ƙwarai, ya ce dama tasa kwamfutar ba ta da shi. Inna ta sa mini albarka a gabansa.

Bayan ya tafi na shiga gem. Ko ƙofar gidanmu na cikin gem ɗin ban ƙarasa ba inbatar solar ɗinmu ta fara ƙara, sai komai ya ɗauke, har firjin Inna. Na sake gwadawa, ya sake ɗaukewa. Washegari zoɓon da masu bikin suna suka yi oda bai yi sanyi ba, amma Inna ba ta yi mini faɗa ba. Baba ya kai kwamfutar wurin Malam Rabi'u, ya dawo da bayanin cewa katin ba shi da laifin komai, wuta yake ci fiye da ƙarfin gidanmu, kuma ƙaramin nan da na raina shi ne daidai da mu. Malam Rabi'u ya ce a mayar da tsohon kafin a ga yadda za a yi, don kwamfutar ba ta nuna hoto sai da kati. Nan fa na fashe da kuka.

Baba ya ce shi ba zai aika a karɓo tukwici ba, ba a taɓa yi ba a gidanmu. Ni ma ina roƙonka kada ka kira Ikrima. Na san zai dawo da shi a ranar, amma da wane ido zan kalle shi, kuma har in tsufa yana tsokanata da shi. Malam Rabi'u ya ce in aka samu mai son babban zai yi mana musaya da ƙarami, sai dai irin wannan kaya ba ya saurin fita a nan, wataƙila sai bayan Sallah. In ka amince, ka faɗa wa Baba a bar shi a shagon. Yanzu dai yana cikin kwalinsa a kan durowata, kusa da littattafan, ina goge masa ƙura.

Ka gaishe mini da Anti Nasiha, ka sumbatar mini 'yarku Hapsatu. Baba da Inna da Gwaggo Jummai suna gaishe ku.

Abu ɗaya nake nema, Yaya. Ran Asabar ka shiga gem ɗin ko da ba na nan. Akwai furannin da na shuka a bayan rijiyar gonarmu ta ciki, ban taɓa nuna maka su ba, so nake sai sun buɗe. Ka shayar mini da su.

Ƙanwarka,
Lailatu